Yaron da Ya Ari Muryar Inna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni yaron nan bai shawarce ni ba, kuma ya fi ni sanin dalili. Sunana Rakiya, matar Malam Sani mai ɗinkin manyan riguna a Ƙofar Jatau. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hannuna yana rubutu. Mata sun ishe ni da tambaya a gidan suna da gidan biki, kowace ta ja ni gefe tana raɗa, wai ƙanwarta ce ke da yaro mai irin halin nawa, alhali na san nata ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda jinyar ta kasance, wadda ta ga kama da nata ta ɗauki abin da zai amfane ta.

Ɗan farina ne, kuma duk wadda ta tashi a cikin birni ta san abin da hakan ke nufi. Ba kya kama sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi kina gani sai ki ɗauke kai wata ta ɗaga shi. Nawa kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa, Malam Idirisu, Allah ya jiƙansa, don haka sunan ya haramta a bakina ta fuska biyu. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Ana yaye shi surukata, Inna, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta da ke can ƙuryar gida kusa da rijiya. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, amma ita ce uwarsa, ni kamar maƙwabciya. Ban ga laifin haka ba. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata, har yabona ake yi a kan kawaici.

Tun Inna na raye akwai abubuwan da ake gani a yi shiru. Ba ya kallon idon mutum. Ba ya shiga cikin yara. Sai ya tara ƙwallayen dabino ya jera su a gindin bango, layi ɗaya miƙe kamar an ja da zare, in kaza ta ture ɗaya ya yi ta ihu har ya shiɗe. In aka fara daka ya toshe kunnuwa. Magana kuwa ba a jin tasa har ya kai shekara biyar. Duk wanda ya ɗaga zancen sai Inna ta taso masa. "Ku bar mini maigidana," haka take cewa, irin wasan kaka da jika. "Miskili ne, kakansa ya gado. Da ni yana magana." Mu muka ɗauka kare shi kawai take yi.

Da damina ta tsaya a shekarar da ya cika biyar, lokacin ina goyon ƙanwarsa Hadiza, Inna ta kwanta. Ciwon ƙirji ne da tari, bai zo mata da sauƙi ba, kuma yaron yana kan tabarmarsa a gefen gadonta har ta cika. Ba wanda ya tuna ya fitar da shi. Babban ɗanta, Yaya Alhaji, wanda shi ne babba a gidan, yana Ikko wajen fatauci, ya iso an riga an kai ta. Bayan sadakar bakwai aka raba 'yan kayanta, aka ja ƙofar ɗakin aka sa makulli, aka miƙo mini yaro da ƙullin tufafinsa aka ce ga naki.

Satin farko ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa. In na miƙa masa tuwo ya kau da kai kamar ba da shi nake ba. Gari na wayewa zai tafi ƙofar Inna ya zauna, ya riƙa buga goshinsa a jikin katakon, a hankali, ba kuka, ba fushi, ƙum, ƙum, ƙum, kamar mai neman a buɗe masa. Sati na biyu goshin ya fashe ya kama ruwa, zazzaɓi ya shigo. Wuyansa ya rame har riga tana zame masa a kafaɗa. Ga ɗana yana ƙarewa a gabana, ga matan gida sun zuba ido su ga ko zan zubar da kunya. Sai in roƙi Yaya Talatu, matar Yaya Alhaji, ta kai masa koko, ni ina leƙe ta labule.

A sati na uku ne abin ya faru, da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, ko kaji sun yi shiru. Muna zaune a rumfa ni da Yaya Talatu muna tsintar shinkafa. Sai muka ji tari daga wajen rijiya, tarin nan mai ja, mai ƙarewa da ɗan nishi, wanda muka sha ji duk tsawon jinyar Inna. Sannan murya ta biyo baya.

"Wa ya bar mini buta a rana?"

Ban ce ta yi kama da muryar Inna ba. Ita ce. Da karkarwarta, da yadda take jan ƙarshen magana, har da ɗan fiton da ke fita ta giɓinta. Faifan shinkafa ya kife. Yaya Talatu ta yi zaure a guje ba mayafi tana salati. Ni ban tashi daga inda nake ba. Na juya a hankali, ba kowa a wurin sai yaron, zaune a ƙofar da aka kulle, fuskarsa ba yabo ba fallasa, idonsa a kan bango. Bakinsa ya sake motsi. "Maigida, taso ka ci tuwo," in ji muryar matacciya, sannan tarin. Na ji tsoron ɗan da na haifa, ba zan ɓoye ba. Kwanaki na yi ba na yarda in ba shi baya.

Daga ranar gidanmu ya zama kasuwar shawara. Malamin unguwa, Allah ya saka masa, ya ce matacce ba ya dawowa, wannan ba ya cikin addini, amma aljani yana iya kwaikwayo, ya ba da rubutu. Yaron ya ƙi sha, aka danne shi aka ɗura, ya amayar. Wata gwaggon mijina daga Limancin Kona ta zo da garin hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, aka lulluɓe shi da bargo, ya fito ya fi da firgita. Wata ta ce ɗan ruwa ne, tun yana jariri aka musanya shi, a kai shi bakin rafi a ga abin da zai zama. Wannan har yau ba na gaishe ta da daɗin rai. Kowane magani da kuɗinsa da zakaransa. Tunkiyata ta tafi, kwanonin jerena suka fara bin dillaliya ɗaya bayan ɗaya. Su masu shawarar kuwa ko goro ba su taɓa kawowa ba.

Malam, mijina, mutum ne mai sanyi, in yayansa na wuri ba a jin bakinsa. Amma da goshin ya fara wari shi ya ce mu tafi asibiti. Mun sha layi. Ki fita bayan asuba, ki tarar mutanen ƙauye sun riga ki a baranda, a yanki kati, a ce likitan bai zo ba a dawo jibi. An wanke ciwon, an ba da maganin zazzaɓi, wannan kam ya yi aiki. Daga nan aka tura mu wajen masu duba kunne, suka ce kunnensa ya fi nawa ji. Aka sake tura mu wani ɗaki can ƙarshen baranda, inda ba mai son a gan shi a layi. Duk wannan yawo yaron yana toshe da kunnuwa yana ihu, mutane suna matsawa suna cewa a riƙe shi mana.

Likitan ɗakin Bahaushe ne mai 'yar furfura. Bai taɓa yaron ba, ya dai zube masa murafan biro a ƙasa yana kallon yadda yake jera su. Sannan ya dube ni.

"Malama, in kin kira sunansa yana waiwayowa?"

Na sunkuyar da kai. Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, ɗan fari ne. Kuma sunan mahaifinmu gare shi."

"To wa ke kiransa?"

"Mai kiran ta rasu."

Likitan ya gyaɗa kai. Sannan ya ce abin yana da suna a wajensu, otizim, kalmar ta zauna mini don ya maimaita ta. Ya ce ba hauka ba ne, ba aljani ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, kuma irin waɗannan yara sukan ɗauki maganar da suka ji su ajiye, su fito da ita daga baya yadda take, kamar kaset. Na ce to a yi masa allura. Ya ce babu. Raina ya ɓaci ƙwarai, duk wannan layi da kuɗin mota a ce ko allura babu. Ya rubuta maganin ƙarin jini, ya ce akwai wata mata a Kusfa, Malama Asabe, tsohuwar malamar makaranta, da ke kawo masa ɗanta shekara da shekaru, kuma takan zauna da iyayen irin waɗannan yara. Ya ce mu je wurinta.

Na je wata Alhamis, ni kaɗai, ba don na yarda ba. A zauren gidan na tarar da ƙaton mutum mai gemu zaune a kan buzu, yana kaɗa jiki gaba da baya, yana warware zare yana naɗewa. Na yi sallama. Bai dube ni ba, sai ya buɗe baki da muryar mai karanta sanarwa a rediyo, tsaf, har da ɗan shirun da suke yi tsakanin magana. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da rasuwar," ya jero sunan wani mutum da unguwarsa da lokacin jana'iza. Na juya zan koma sai wata 'yar siririyar tsohuwa ta ɗaga labule tana dariya.

"Shigo, 'yar nan. Garba ne, ɗana. Wanda yake sanar da rasuwarsa ya daɗe a ƙasa. Gaisuwarsa ke nan in ya ga baƙo."

Ban fara bayani ba ta turo mini kwanon dambu. "Ke yaushe rabonki da abinci?" Tun rasuwar Inna kowa tambayarsa yaya yaron, ba wanda ya ce yaya ni. Ina sa hannu a kwanon kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata, tana ta tsinkar zogalenta. Da na natsu na faɗa mata komai, har da abin da ban faɗa wa kowa ba, cewa ina tsoronsa, kuma ina zargin ko kawaicina ne ya mayar da shi haka.

"Garba autana ne," in ji ta. "Na goya shi har ƙafarsa tana jan ƙasa, na kira sunansa har maƙwabta suka gaji. Ga shi nan kin gani. Ba ke kika yi ba, cire wannan ki yar. Tsoro kuma ni ma na ji, har ɗaki na taɓa kulle kaina saboda shi. Amma ki saurara. Yaronki mutum ɗaya ya sani a duniya, an fita da ita yana kallo, ba wanda ya yi masa bayani. Ba shi da maganar kansa tukuna, sai ta aro. Makoki yake yi, ku kuna masa hayaƙi."

Na riƙa zuwa duk Alhamis. Akwai wasu mata da ke zuwa daga ƙauye da nasu yaran, mu zauna mu yi ta ba juna labari, wani lokaci dariya har da hawaye, a kan abubuwan da in muka faɗa a waje za a ce mun zautu. Malama ba ta ba da magani, tambaya take yi. A wane kwano Inna ke ba shi abinci? A ina take zama? Na ce ban sani ba. Ta ce je ki bincika. Na tambayi matan gida, ashe a akushinta kaɗai yake ci, kuma ba ta miƙa masa, ajiyewa take a gefensa ta juya baya. Akushin ya faɗa rabon Yaya Talatu. Na je na roƙa, ta miƙo mini da yatsu biyu kamar mai miƙa mushe. Na zuba tuwo, na ajiye, na juya baya. Na daɗe ina kallon bango kafin na ji motsin hannu a cikin akushi. Ranar na yi sujada a tsakar gida.

Ta koya mini in daina tsaya masa a kai, in zauna a gefensa ba a gabansa ba, in yi abin da yake yi. Sai ga ni da goyo a baya, zaune a ƙasa ina jera ƙwallon dabino, matan gida suna cewa abin ya fara taɓa uwar. Ta ce in rataya tsohon bargo a ƙofar Inna saboda goshinsa, in gaya masa kafin a fara daka, magana kuma gajera, kullum iri ɗaya. Akwai satin da na je na ce na gaji, ba zan iya ba. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta aika aka kira Malam, ta tsaya bayan labule ta ce masa, "Malam Sani, yaron nan ba ita kaɗai ta haife shi ba. Ka bar ta ta je gidansu ta yi barci, kai ka ajiye allura ka zauna da ɗanka." Ya zauna kuwa. Goshin ya warke, wuyan ya fara cikowa. Abu ɗaya ne ya gagare ni.

"Kin kira shi?"

"Malama, sunan surukina ne fa."

"Na sani. Surukinki yana kabari, addu'arki yake bukata. Wannan kuwa yana bukatar ya san in an ce Idirisu da shi ake, ya kuma san muryar da za ta maye masa wadda ya rasa. Faɗi in ji."

Na buɗe baki, harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta sa na zura kaina cikin randar da ba ruwa na faɗa a ciki. Ya fito kamar kukan kwaɗo, muka yi ta dariya. Ta ce in ci gaba da gwadawa, ba a fafe gora ranar tafiya. A gida sai in bari ana daka in faɗe shi a hankali cikin ƙarar taɓarya. A gabansa kuwa, ko mu biyu ne a ɗaki, na kasa.

Muryar Inna ba ta daina ba, sai dai mun fara sabawa. Yaya Alhaji ne bai taɓa ji da kunnensa ba, don ba mazauni ba ne, kuma ya ce zancen mata ne. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya shigo cikin gida, ya tsaya wajen rijiya zai wanke ƙafa. Yaron yana ƙofar Inna. Sai muryar ta fito, ba irin ta lokacin lafiya ba, ta kwanakin ƙarshe, siririya, numfashi yana yankewa.

"Alhaji bai iso ba? Ku duba mini zaure. Ku ce ina jiransa."

Mu da muka yi jinyarta mun san maganar, ita ta yi ta yi har baki ya rufe, kuma mun haɗa baki ba mu taɓa gaya masa ba. Buta ta suɓuce daga hannunsa. Yaron kuwa ya maimaita, ya sake maimaitawa. Alhaji ya fita ko takalmi bai sa ba. Washegari ya kira Malam ya ce ya yanke magana. Akwai wani mai magani a wani ƙauye hayin kogi da ke tsare masu irin wannan, can za a kai yaron ya zauna har abin da ke bakinsa ya fita. Na san wurin a labari. Marin ƙarfe ake sa musu a ƙafa, kuma ba kowa ke dawowa ba. Malam ya shigo ya faɗa mini idonsa a ƙasa. Na ce me ka ce masa? Ya ce, "Rakiya, yayana ne."

Na ruga Kusfa ba ranar zuwa ba, na ce Malama ta zo ta yi musu magana. Ta girgiza kai. "Ni bare ce. In na yi magana za a saurare ni don furfurata, ina fita a ɗauke shi. Sun san uwar ɗan fari ba ta roƙo a kansa, da wannan suka dogara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yar nan. Ki zauna inda yake, kar ki tashi, kar ki yi faɗa da kowa. Ki kira shi." Ta riƙe hannuna har bakin zaure.

Washegari motar da za ta ɗauke shi ta zo rana ta kusa tsaka, wata a-kori-kura, da wani dogon mutum da mai maganin ya aiko, da igiya a kafaɗa. Hadari yana haɗuwa a gabas, gari ya yi tsit, ba iska. Aka nemi yaro aka rasa. Da safe Yaya Talatu ta sa an buɗe ɗakin Inna za a kwashe sauran tarkace, ashe ya shige. Daga cikin duhun ɗakin tarin ya fara fitowa, sannan, "Ku ja mini ƙofa, sanyi nake ji." Mazan gidan suka yi cirko-cirko a tsakar gida, ba wanda ya iya taka ɗakin uwarsa muryarta tana ciki. Baƙon ya ce shi zai shiga, ya saba.

Ban san lokacin da na wuce shi ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da Yaya Alhaji ba, na ratsa ta gabansa na zauna a dokin ƙofar a karkace, kafaɗa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje. Ɗakin yana warin man zafi da tsohuwar tabarma, kamar jiya ta bar shi. Ba na ganin komai sai farin idonsa can ƙarƙashin gado.

"Talatu, ku ɗauke ta daga nan," in ji Alhaji.

Na kwance bakin zanena, na zubo ƙwallayen dabino, na fara jerawa, layin yana karkacewa. Sannan na buɗe baki.

"Idirisu."

Wata daga cikin matan gida ta ce, "La'ilaha illallahu, ta kama sunan surukinta!" Kunya ta rufe ni kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na sake faɗa da ƙarfi, muryata tana karyewa. "Idirisu, ni ce uwarka. Ba inda za ka."

Tarin ya tsaya. Baƙon ya matso har ina jin warin tabarsa. Alhaji ya ce, "Sani, kana tsaye matarka tana zubar mana da mutunci?" Malam bai motsa ba. Na rufe bakina, na gama abin da zan iya, ina jiran a ɗaga ni. Sai aka yi magana daga ƙarƙashin gadon.

"Idirisu, ni ce uwarka. Ba inda za ka."

Muryata ce, da karyewarta, da kukan da ke maƙale a ciki. Ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamar wannan ba, in ji kaina ina magana daga ɗakin matacciya alhali bakina a rufe. Kowa ya dube ni. Alhaji ya matso ya sunkuya yana kallon fuskata, abin da bai taɓa yi ba, muryar kuwa ta sake fitowa daga duhu, ni ina zaune da raina da lafiyata.

"Har ta masu rai yake ɗauka?" in ji shi a hankali.

Malam ne ya amsa. "Abin da ya ji yake riƙewa, Yaya. Inna ta yi ta kiranka, yana wurin, shi ke nan. A bar mini ɗana."

Alhaji ya zauna a bakin rijiya ya rufe fuska da hannun riga. Aka fara yayyafi. Direba ya aiko cewa in ruwa ya sauko ba za su iya ƙetare kogi ba, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce a sallame su. Yaron bai fito ba sai bayan la'asar, kuma ba wurina ya zo ba, layin dabinon ya zo gyarawa don na karkata shi. Amma da ya gama ya zauna a gefena, gwiwarsa tana taɓa tawa.

Kar wadda ta karanta ta ɗauka ya warke, ba ciwon warkewa ba ne. Yanzu Idirisu ya fara gemu, yana zama a zaure yana naɗa wa babansa zare, yana wanka da kansa, yana da 'yan kalmomin da nasa ne. Har yau ba ya son daka, har yau akwai ranakun da ba a gane kansa. An yi shekaru ana ce mini marar kunya a dangin mijina, akwai gidajen da aka daina aiko mini goron biki. Na damu, amma ban mutu ba. Asibiti ina gode musu, ina kuma jin haushin layinsu. Muryar Inna ta yi ta raguwa har ta ɓace, kuma Yaya Alhaji ne ya fi kowa jin zafin ɓacewarta.

Malama Asabe ta rasu bara da rani. A hanyar zuwa gaisuwa Garba ne a raina, don na ga abin da rashin Inna ya yi wa nawa. Na same shi a kan buzunsa, masu gaisuwa suna shiga suna fita suna kauce masa. Na zauna a gefe. Can sai ya yi magana da muryarta, 'yar siririyar nan mai dariya a ciki.

"Garba, in ba ka gan ni ba kar ka ji tsoro. Tashi ka yi wanka. Kwanonka yana kan randa, yayarka za ta zuba maka."

Ya tashi ya ɗauki bokiti. Yayar tasa, wadda ta dawo gidan da zama, ta ce mini shekaru uwarsu ta yi tana faɗa masa wannan kullum da safe, ko kalma ɗaya ba ta canzawa, har suna yi mata tsiya wai ta fara ruɗewa.

Na dawo gida na zauna ko mayafi ban cire ba. Na san wata rana ni ma za a fitar da ni ta zauren nan yana kallo. Na zaɓi nawa kalmomin, gajeru, na sa sunan Hadiza a ciki, ita ta ce in sa. Kullum da safe ina faɗa masa, ko ina fushi, ko ina zazzaɓi. Shekaranjiya ina shara na ji shi a bayan ɗaki yana yi shi kaɗai, da muryata, "Idirisu, in ba ka gan ni ba kar ka ji tsoro." Na tsaya da tsintsiya a hannu na saurara har ƙarshe. Bai bar ko kalma ɗaya ba.